Amsa ga Hajiya daga Bauchi kan hawa balan-balan mai tashi da mutane

Wa'alaikumus salam Hajiya. Bari in maimaita tambayar a taƙaice dan waɗanda basu gani ba. Kince ɗanku zai gama karatu a Turkiyya, ke da Alhaji zaku je bikin yaye su, yaran kuma sun dage sai an kai ku kallon bikin balan-balan ɗin nan mai ɗaukar mutane har ma ku hau, ke kuma gabanki na faɗuwa ga ciwon gwiwa, kina so ki san ko abin yana da haɗari, ya ake tuƙa shi, kuma me ya hana ayi irinsa a Yankari tunda muma Allah ya bamu daji da namun daji. Ni aikina duba yanayin sama ne dan masu jirage, na hau abin kuma na tsaya a ƙasa tare da masu haɗa shi, dan haka zan gaya miki abin da na sani tsakani da Allah.

Ki fara riƙe wannan, balan-balan bashi da sitiyari, bashi da injin da zai tura shi gaba, bashi da birki. Abin da matuƙi yake da iko a kai guda biyu ne kacal, ya hau sama ko ya sauko ƙasa. Gabas ko yamma kuwa sai inda iska ta yi. Duk sauran maganar da zanyi daga nan ta samo asali.

Yadda yake tashi ba wani abin mamaki bane. Iska in ta ɗauki zafi tana buɗewa sai nauyinta ya ragu. Ki ɗauki jarka babu komai a ciki ki rufe bakinta ki danna ta cikin ruwa, kina sakin hannu zata taso da kanta sabida ruwan da ke kewaye da ita ya fi ta nauyi, to haka iskar waje mai sanyi take ɗaga wannan ƙaton yadin da aka cika da iska mai zafi. Zafin cikin yakan kai wajen digiri 100, wato zafin tafasasshen ruwa, in ya wuce 120 yadin nailan ɗin ya fara lalacewa. Kuma kubik mita ɗaya na wannan iskar, wato cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe, ko kashi ɗaya cikin uku na kilo baya iya ɗagawa, shi yasa kike ganinsu manya-manya haka. Ƙarami mai ɗaukar mutum uku ko huɗu yakan ci kubik mita 2,200, waɗanda ake ɗaukar baƙi da su a Turkiyya kuwa kwandonsu, wato inda mutane ke tsayawa, na cin mutum 16, 20, har fiye, an raba kwandon gida-gida kowane gida mutum huɗu ko biyar, matuƙi da tukwanen gas a tsakiya. Gas ɗin dangin na girki ne, sai dai wutar da yake bayarwa in aka danna tana miƙewa mita da yawa sama da ƙara mai ƙarfi. In ana so a sauka sai a rage hura wuta, ko a ja igiya wani murfi da ke can ƙoli ya buɗe iska mai zafi ta fita.

To ya akeyi ya isa inda ake so? Nan ne aikinmu ya shigo. Iska a sama hawa-hawa take, wadda take mita 100 daga ƙasa zata iya nufar kudu, ki ƙara mita 400 ki tarar da wata ta nufi gabas. Matuƙin kirki kafin a tashi zaki ga ya saki ƙaramin balan-balan irin na yara yana binsa da ido har ya ɓace, yana karanta inda kowane hawa ya dosa ne, in sun tashi sai ya riƙa hawa da sauka yana zaɓen iskar da zata kai shi filin da yake so. Duk da haka baya iya ce miki ga takamaiman inda zamu sauka, shi yasa mota da tirela ke binku ta ƙasa suna magana da shi ta oba-oba.

Wannan kuma shine dalilin da yasa da asuba ake tashi. Da daddare ƙasa ta huce, iska ta kwanta. Rana tana ɗagowa ƙasa ta ɗau zafi, iska ta fara tasowa a hargitse, wani wuri tana hawa wani wuri tana sauka, kin dai san yadda guguwa ke tashi da azahar a filin Allah lokacin bazara tana kwasar leda da kara, to ƙanananta da ido baya gani suna nan cike da sama da rana, kuma balan-balan baya jure musu. Awa biyu ko uku na farkon safiya su ne lokacin, wasu wuraren su ƙara da yamma liƙis. In iskar ƙasa ta kai wajen kilomita 15 zuwa 20 a awa yawanci an fasa. Ruwan sama, hazo mai kauri, ko hadari ko da yana nesa, duk an fasa.

Abin ya daɗe fa, ya girmi jirgin sama da shekara 120. Wasu 'yan uwa biyu masu sana'ar takarda a Faransa, 'yan gidan Montgolfier, su suka fara a 1783. A watan Satumba na shekarar suka ɗora tunkiya da agwagwa da zakara a gaban sarki, dabbobin suka sauko da ransu, ran 21 ga Nuwamba mutum biyu suka tashi a saman birnin Paris na kusan minti 25. Su da kara da ciyawa suke hura wutar. Irin na yanzu mai gas da nailan wani Ba'amurke Ed Yost ne ya tashi da shi a 1960.

Yanzu maganar biki. Akwai abu biyu da mutane ke haɗawa, kallon biki daban, hawa daban, tikitin shiga fili baya baki wuri a kwando. Bikin da yafi kowanne girma a duniya shine na Albuquerque a jihar New Mexico ta Amurka, an fara a 1972 da balan-balan 13 kacal, yanzu sama da 500 ke zuwa, kwana tara ake yi a farkon Oktoba. Abin da ya ɗaga garin iskarsa ce, da safe ta ƙasa tana tafiya kudu ta sama tana komawa arewa, sai matuƙi ya tafi da ta ƙasa ya hau sama ya dawo kusa da inda ya tashi, ga mai irin aikina wannan abin a tsaya a kalla ne wallahi. Ana barin jama'a su shiga cikin filin su yi yawo tsakanin balan-balan ɗin ana hura su, da daddare kuma a ɗaure su a ƙasa a riƙa kunna wuta suna haskawa. Sai na Bristol a Ingila, tun 1979, a watan Agusta, shi shiga kyauta ne. Ana yi a Doha ta Katar da kuma AlUla a Saudiyya lokacin sanyi. A Afirka kuma ko ba biki ana hawa kullum a Luksor ta Masar da Masai Mara a Kenya da Serengeti a Tanzaniya.

Ku kam tunda Turkiyya kuka nufa baku da buƙatar jiran wani biki. A yankin Kapadokiya na ƙasar, duk safiyar da yanayi yayi kyau balan-balan sama da ɗari ke tashi a kewayen garin Göreme, a saman wasu duwatsu masu tsini waɗanda mutanen da can suka sassaƙa gidaje a ciki. Daga Istanbul jirgi ne na kusan awa ɗaya da rabi zuwa Kayseri ko Nevşehir, daga Kayseri kuma kaman awa ɗaya a mota. Daga Afrilu zuwa Oktoba ko Nuwamba an fi samun tashi, da sanyi ana yawan fasawa. Kuɗin yakan wuce yuro 100 kan kowane mutum, in baƙi sun yi yawa ya ninka ko fiye. Shawarata mai ƙarfi ita ce ku ba wurin kwana uku, ku kama wuri a safiyar farko, in an fasa kuna da gobe da jibi. Mutanenmu da yawa suna zuwa da kwana ɗaya tak, iska ta hana, su koma da ɓacin rai suna cewa an cuce su, alhali wanda ya fasa ɗin gata ya musu. A can ma ba kamfani ne kaɗai ke yanke hukunci ba, hukumar jiragen sama ta ƙasar ce ke bada izini kowace safiya, in ta ɗaga jar tuta babu mai tashi.

Haɗari kuma akwai shi Hajiya, bazan ɓoye miki ba. A watan Fabrairu 2013 a Luksor gas ya yi yoyo ana dab da sauka wuta ta kama, mutum 19 suka rasu. A watan Yuli 2016 a Lockhart ta jihar Texas mutum 16 suka rasu, matuƙin ya tashi cikin hazo da gajimare na ƙasa-ƙasa bai ga wayar hai tanshan ba har suka taɓa ta, bincike kuma ya nuna yana shan magungunan da bai kamata mai tuƙi ya sha ba, bayan nan ne Amurka ta wajabta wa masu ɗaukar fasinja gwajin lafiya. A Kapadokiyan ma an taɓa samu, a 2013 guda biyu suka yi karo a sama kwandon na sama ya yaga yadin na ƙasa. In kin duba zaki ga yawanci abu uku ne, wayar wuta, kayan gas da ba'a kula da su ba, da tashi ranar da bai kamata a tashi ba. Wayar wuta ta fi bani tsoro, sabida in matuƙi ya danna wuta balan-balan baya amsawa nan take sai an ɗan jima kafin ya fara hawa, in bai hango wayar da wuri ba ya makara. Amma ki sani mutum dubbai ne ke hawa kowane mako a duniya su sauko lafiya, mafi yawan raunin da ake samu targaɗe ne ko karaya wajen sauka, kuma zan zo kan wannan dan shine ya shafe ki.

Dan haka ki sa yaron yayi tambaya kafin ya biya ko sisi. Kamfanin yana da lasisi? Akwai inshora ga fasinja? Mutum nawa ne a kwando? In an fasa sabida yanayi ana mayar da kuɗi gaba ɗaya ko ana ɗagawa zuwa gobe? Kamfanin da baya mayar da kuɗi ko yake alfahari wai shi baya fasa tashi, ku bar shi ko da shine mafi araha. Ni a wajena matuƙin da ya taso ku da ƙarfe huɗu, aka je fili, ya saki ɗan balan-balan ɗinsa ya kalla yace kuyi haƙuri yau babu, shine wanda zan ba iyayena ya ɗauka. Kuma in an tambayi nauyin jikinku a faɗi gaskiya, lissafin gas da daidaita kwando ake yi da shi, babu abin kunya a ciki.

Ranar hawan mota zata zo ɗaukarku tun da duhu, awa ɗaya ko fiye kafin fitowar rana, wato lokacin asuba zai same ku a hanya ko a wurin jira. Ku fito da alwalarku da ƙaramar sallaya, ku gaya wa direba, Turkiyya ce ba wanda zai yi mamaki. Kar a cika shan shayi dan babu banɗaki a sama kuma filin tashin ma sau da yawa babu. Sanyin asubahin can ko da rani yana shiga jiki, a ɗauki suwaita. Ke ki saka wando a ciki, ki bar hijabi mai jan ƙasa a masauki ki saka madaidaici wanda bazai kama igiya ko ya harɗe miki ƙafa ba, in da hali na auduga yafi irin mai santsin nan da ke narkewa da zafi, takalmi kuma rufaffe mara tsini dan gona za'a sauka. Alhaji ya haƙura da babbar riga ranar, jamfa da wando sun isa, amma ya saka hula sabida zafin wutar yana sauka a tsakiyar ka.

A fili zaki ga an shimfiɗa yadin a ƙasa kwandon yana kwance a gefensa, a fara cika shi da iska mai sanyi da babbar fanka, in ya kumbura sai a kunna wuta ya miƙe tsaye ya ɗago kwandon. Tashin kansa bazaki ji shi ba, sai dai kiga ƙasa tana nisa. Masu tsoron tsayi da yawa suna samun sauƙi a nan sabida kwandon baya lilo baya girgiza, tare kuke tafiya da iskar shi yasa ko mayafinki bazai kaɗa ba, in aka kashe wutar har carar zakara da haushin kare daga ƙauye zaki ji. Kusan awa ɗaya ake yi, wani lokaci a bi ta cikin kwari dab da duwatsu wani lokaci a hau mita ɗari biyar har dubu. Ƙarar wutar ce kawai ke firgita yara, kuma 'yan ƙasa da shekara 6 yawanci ba'a ɗaukarsu, mai juna biyu ma haka.

Yanzu gwiwarki. Bangon kwandon ya kai wajen ƙugu zuwa ƙirji, babu ƙofa a yawancinsu, wasu 'yan ramuka ne a jiki da ake taka ƙafa a haura a dira ciki, a fita ma haka. Babu kujera, tsayuwar awa guda ce. Wajen sauka kuma matuƙi zai ce kowa ya juya baya ga inda aka dosa, ya jingina, ya riƙe igiyoyin da ke cikin kwando da hannu biyu, ya lanƙwasa gwiwa kaman zai zauna bai zauna ba, ya tsaya a haka har a tsaya cak. In iska a kwance take, saukar babu ko jijjiga, ƙwararru har a kan tirelar motar suke ɗora kwandon. In ta ɗan taso kuwa kwandon zai bugi ƙasa ya yi tsalle, ya ja ƙasa, wani lokaci ya kwanta a gefe da mutanen ciki, wannan ba hatsari bane a wajensu sauka ce ta yau da kullum, amma duk bugun a gwiwa da baya yake ƙarewa. Ki gwada a gida, ki jingina da bango ki lanƙwasa gwiwa ki ga ko zaki iya daɗewa kaman minti ɗaya babu zafi mai tsanani. In har a zaune kike sallah sabida gwiwar nan, ko an miki aiki kwanan nan, gaskiya ban baki shawarar hawa ba, kuma ki tuntuɓi likitanki kafin tafiyar. Akwai kamfanonin da ke da kwando mai ƙofa ko wurin zama, a tambaya tun da wuri dan basu da yawa. In bai samu ba ki hau rufin masaukinku da shayinki ki kalle su suna tashi, waɗanda suka kalla daga ƙasa suna ganin abin da na cikin kwando baya gani, kuma kar wani yaro ya matsa miki lamba. Wanda ya hau kuma kar ya fito daga kwando sai matuƙi yace a fito, in mutum ya dira da wuri nauyi ya ragu abin zai iya sake tashi da sauran.

Bayan an sauka suna da al'adar buɗe kwalba a sha a raba takardar shaida, asalinta giyar shamfen ce. Wasu kamfanonin a can marar giya suke kawowa, amma kar a ɗauka haka ne, a faɗa musu tun wajen biyan kuɗi cewa lemo kuke so.

Sai maganar Yankari, wadda ni kaina tana raina. Kogin Gaji da rani, giwaye da ɓauna sun sauko shan ruwa, a ce mutum yana kallonsu daga sama, ai abin so ne. Sai dai akwai abubuwan da sai an warware. Na farko zafi. In iskar waje tana digiri 15, kubik mita ɗaya yana ɗaga wajen giram 280, in ta kai 40 kaman yadda muke gani a Maris da Afrilu sai ya koma wajen 180, kashi ɗaya cikin uku ya tafi kenan, ko asubahin bazara ma da ɗumi yake, dole a rage mutane kuɗin kowa ya ƙaru. Da damina hadari ke tasowa da iska mai ƙarfi a gabansa. Da hunturu sanyin yayi daidai amma hazo na rufe gani, kuma iskar tana tashi da wuri. Lokacin da yafi dacewa ɗan tsakanin nan ne, ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba bayan ruwa ya ɗauke kafin ƙura ta sauko, da kuma ranakun hunturu da sama ta washe. Na biyu wurin sauka. Masai Mara da Serengeti filin ciyawa ne shimfiɗe, Yankari kuwa itatuwa ne ko'ina, sai an tanadi filaye da hanyoyin da mota zata bi ta kwaso mutane, a waje da dajin kuma gonakin mutane ne sai anyi yarjejeniya da masu su da dagatai, ga babban layin wuta da ya taso daga Jos ya bi ta Bauchi zuwa Gombe wanda dole a san inda yake a kauce masa. Na uku izinin NCAA, wato hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, da matuƙa masu lasisi, da masu duba yadi da kayan gas a kai a kai, sannan a tabbatar ƙarar wutar bata tarwatsa giwayen ba. Ni da za'a tambaye ni, a fara da wanda ake ɗaurewa da igiya ya hau 'yan mitoci ya sauko, a filin da babu waya, ana auna iskar wurin kowace asuba na shekara guda cur kafin a ɗauki fasinja ko ɗaya a sake shi.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya sa albarka a karatun yaron. A gaida Alhaji.